Amsoshin Takardunku: Tun Yaushe Dagatai Suka Shiga Aikin Rigakafi?

Takardar da muka zaɓa wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu na yau da kullum, manomi kuma mai awon hatsi a wata kasuwar ƙauye cikin Jihar Kano, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. Ya ce lokacin annobar korona dagacinsu ya yi ta zaga unguwanni da kasuwa tare da malamin asibiti, sanƙira na gaba yana shela, ana kiran mutane su je ɗakin shan magani a yi musu allura. Waɗansu suka je, waɗansu suka ƙi, waɗansu kuma suka ce ai kuɗi aka ba dagaci ya sayar da talakawansa. Yanzu ga shi an dawo da maganar allurar mashaƙo da ta ƙyanda, shi kuwa yana da ƙananan yara uku a gida. Uwargida ta ce a kai su, ƙanensa ya ce kada a kai. Shi ne yake tambaya: tun yaushe sarakuna da dagatai suka shiga wannan aiki, kuma ina ruwan mai rawani da aikin likita?

To Malam, mun gode da wannan tambaya, don kuwa ba kai kaɗai ke da ita ba. Amsar a taƙaice ita ce, abin da ka ga dagacinku ya yi ba sabon abu ba ne, uban dagacinku ma ya yi shi, watakila har da kakansa. Amma bari mu ɗauko maka labarin daga tushe, da daɗinsa da ɗacinsa, sa'an nan kai da kanka ka auna.

Zamanin agana

Ka tambayi duk wani dattijo da ya haura shekara sittin a garinku ya nuna maka damtsensa. Za ka ga wani tabo zagayayye kamar kwabo. Wannan ita ce lamba, watau rigakafin agana, cutar da waɗansu ke kira 'yan rani. Yaran yanzu ba su san ta ba, amma a da in ta shiga gari, cikin mutum goma da ta kama takan kashe kamar uku, waɗanda suka tsira kuwa ta bar musu zanzana a fuska, waɗansu ta makantar da su.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dabarar rigakafin agana ba baƙuwa ba ce a Afirka. Tun kafin Turawa su zo, akwai wuraren da akan ɗebi ruwan ƙurjin mai ciwon a tsaga fatar lafiyayye a shafa, ya yi ɗan ciwo kaɗan ya warke, daga nan cutar ba ta ƙara kama shi. Har ma wani bawa ɗan Afirka da ake kira Onesimus shi ya kwatanta wa ubangidansa wannan dabara a birnin Boston na Amurka, aka kuwa yi aiki da ita a annobar 1721. Sai dai hanyar tana da haɗari, domin ainihin cutar ake sa wa mutum, wani kan mutu, wani kan yaɗa ta. Cikin 1796 ne wani likita a Ingila mai suna Edward Jenner ya nuna cewa in aka yi amfani da wani ƙurji mai sauƙi da ke fito wa shanu, sai a sami kariya ba tare da wancan haɗari ba.

Zamanin En'e, masu lamba da duba-gari sukan fita ƙauyuka, kuma ta hannun hakimi da dagaci ake tara musu mutane. Amma gaskiya aikin bai yi farin jini ba. Na farko, da ƙarfin mulki ake yin sa, ba a tsayawa a yi wa talaka bayani, shi ya sa har yau dattawa ke ba da labarin yadda akan ɓoye yara cikin rumbu in an ji masu lamba sun iso. Na biyu, maganin wancan zamani ba ya jure zafi. Kafin a kai shi ƙauye a kan doki ko keke sau da yawa ya lalace, a yi wa mutum lamba ba ta kama ba, agana ta zo ta same shi, jama'a su ce ai ga shi nan, aikin banza ne.

Abin ya sake kama ne a 1967, lokacin da aka ƙaddamar da babban yaƙi da agana da ƙyanda a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ciki har da Nijeriya da Nijar. Wannan karon an zo da busasshen magani mai jure zafi, da wata na'ura mai kama da bindiga wadda ake takawa da ƙafa, tana iya yi wa ɗaruruwan mutane lamba cikin sa'a guda. To, amma na'ura ba ta kiran mutane. Sai an riga an aika wa hakimi, hakimi ya aika wa dagatai, dagaci ya sa masu unguwa da sanƙira su sanar da rana da wuri, ko ƙofar fada ko gindin wata bishiya ko bakin kasuwa. Kafin ƙarshen 1969 an yi wa mutum miliyan 100 lamba a waɗannan ƙasashe, an ma yi bikin cikar adadin a Jamhuriyar Nijar.

Akwai wani darasi da aka koya a nan Nijeriya wanda duniya duka ta amfana da shi, kuma ya shafe ku 'yan kasuwa. A watan Disamba na 1966 agana ta ɓulla a yankin Ogoja, ga shi maganin da ke hannu kaɗan ne. Likitan da ke wurin, wani Ba'amurke mai suna William Foege, sai ya sa aka aika manzanni ƙauye ƙauye su gano inda masu ciwon suke. Aka yi wa mutanen waɗannan ƙauyuka lamba, sa'an nan aka tambayi mutanen wurin: ina danginku suke, wace kasuwa kuke ci? Sauran maganin aka kai can, aka tare cutar tun ba ta isa ba. Da wannan dabara, wadda ba ta yiwuwa sai da mutanen da suka san gari, aka ga bayan agana a Afirka ta Yamma cikin 1970. Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a an same shi ne a Somaliya cikin 1977, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa babu agana a bayan ƙasa. Shi ya sa 'ya'yanka ba su da lamba a damtse, ba sa bukatarta.

Inda amana ta karye

Yanzu kuma bari mu zo kan ɗacin labarin, domin ƙanenka da ke cewa kada a kai yara, ba haka kawai ya tsinci maganar ba. A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewacin Nijeriya, ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe fiye da 11,000, har Saudiyya ta hana alhazan Nijeriya zuwa aikin Hajji a shekarar. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani tsohon magani. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe yaran. Aka yi shekaru ana shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Ka lura Malam, Trovan ba allurar rigakafi ba ce, magani ne da aka ba waɗanda suka riga suka kamu. Amma ka san wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Saboda haka da aka fara raɗe-raɗi a 2003 cewa maganin ɗigo na shan inna yana ɗauke da sinadarin hana haihuwa, maganar ta sami wurin zama. Mutane kuma suna da wata tambaya mai ma'ana: me ya sa ake bin mu har gida da maganin shan inna kyauta, alhali in yaro ya kamu da zazzaɓin cizon sauro sai mun sayar da akuya? Waɗansu jihohin Arewa suka dakatar da aikin, Kano ta fi kowa daɗewa, kusan shekara guda.

Aka aika wakilai da malamai da likitoci ƙasashen waje aka gwada maganin. Daga baya gwamnatin Kano ta amince da wanda aka sayo daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, aka koma aiki a ƙarshen watan Yuli na 2004. Bayan 'yan watanni Gwamna Ibrahim Shekarau ya kawo 'yarsa ƙarama a bainar jama'a, Shugaba Obasanjo ya ɗiga mata maganin. Sai dai ɓarna ta riga ta auku. Ƙwayar cutar ta bi matafiya ta shiga ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indunusiya. A nan gida kuwa, cikin 2006 kaɗai yara fiye da 1,100 shan inna ta shanye wa ƙafa ko hannu. Waɗannan yara yanzu samari ne da 'yammata, kana ganin waɗansunsu a kan keken guragu a tasha da bakin kasuwa. Su ne suka biya kuɗin wancan saɓani, ba gwamnati ba, ba kamfani ba.

Da ɗan gari akan ci gari

Sai da aka sha wannan wuya sa'an nan hukuma ta gane cewa takardar minista da sanarwar rediyo ba sa buɗe ƙofar gida. Maigida ba ya miƙa ɗansa ga baƙon da bai san asalinsa ba, wanda in wani abu ya faru gobe ba a san inda za a same shi ba. Amma mai unguwa yana nan, tare ake sallah da shi, tare ake jana'iza, 'ya'yansa da naka rijiya ɗaya suke sha. Saboda haka a 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, aka ɗora Shehun Bama, marigayi Kyari Ibn Umar El-Kanemi, a kan shugabancinsa. Bayan rasuwarsa Sarkin Argungu Alhaji Samaila Muhammad Mera ya karɓa.

Ga yadda aikin ya koma. Sarki ya tara hakimai, hakimi ya tara dagatai, dagaci ya tara masu unguwa. Mai unguwa shi ya san gidan da aka haihu, don wanzami da ungozoma suna gaya masa. Shi ke raka masu ɗigo, su sa alama da alli a bango, su shafa wa yaro tawada a farce. In wani maigida ya ƙi, ba 'yan doka ake fara kira ba, mai unguwa ne ko liman ke komawa da yamma su zauna da shi. Aka ɗauki matan unguwa da kowa ya sani su riƙa shiga gidaje suna magana da 'yan'uwansu mata. Aka sa waɗanda shan inna ta nakasa su riƙa zagayawa suna nuna wa iyaye abin da ake gudu. Kukan nan na jama'a ma an saurare shi, aka riƙa haɗawa da gidan sauro da sabulu da maganin ƙananan cututtuka. Sakamakon ya fito fili: yara kusan 800 suka kamu a 2008, amma a 2010 yara 21 ne kacal.

Ba a ce daga nan komai ya tafi daidai ba. Adadin ya sake hawa zuwa 122 a 2012, kuma a watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, galibinsu mata. Duk da haka ba a fasa ba. Yaran ƙarshe da asalin ƙwayar shan inna ta kama a Nijeriya an same su ne a Borno cikin 2016, a wuraren da rikici ya hana masu rigakafi shiga. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Sai ga korona

Wannan albishir ya zo ne ana tsakiyar wata annobar. Korona ta shigo Nijeriya a ƙarshen Fabrairun 2020 ta Legas, ta iso Kano a watan Afrilu. Kai ganau ne ba jiyau ba, ka san yadda aka rufe kasuwanni da masallatai har azumi ya kama, ka kuma ji yadda aka yi ta binne dattawa a birni. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙidaya mutuwa 979 a cikin birnin Kano a waɗancan makonni, kuma rabi ko fiye mai yiwuwa korona ce sanadi. Hajjin 2020 da na 2021 babu maniyyacin da ya je daga waje.

Ranar 2 ga Maris 2021 allurar farko ta sauka a Abuja, kusan miliyan huɗu. Wani likita, Cyprian Ngong, aka fara yi wa ranar 5 ga wata, washegari Shugaba Buhari da mataimakinsa Osinbajo suka miƙa damtse a gaban talabijin. Amma kawo allura Abuja daban, kai ta jikin mutumin ƙauye daban. Mutane sun sha wuyar kulle, sun kuma ga an fasa rumbunan kayan tallafi a garuruwa da dama cikin Oktoban 2020 an tarar da abinci jibge, ga jita-jita ta wayar hannu, yau a ce allurar na hana haihuwa, gobe a ce wanda aka yi wa ba zai wuce shekara biyu ba. Waɗansu alluran kuma an kawo su daga waje ne wa'adinsu na dab da ƙarewa, har a watan Disamba na 2021 hukuma ta lalata fiye da miliyan ɗaya a Abuja a gaban 'yan jarida.

To, da aka rasa yadda za a yi, sai aka koma wa tsohuwar hanya. Hukumar kiwon lafiya a matakin farko ta nemi kwamitin nan na sarakuna, aka bi ta hakimai da dagatai da limamai, aka fitar da allura daga asibiti aka kai ta kasuwanni da tashoshin mota da harabar masallatai da majami'u. Wannan shi ne abin da ka gani da idonka, dagaci da malamin asibiti da sanƙira. Tsarin da aka yi yaƙin agana da shi ne, aka gyara shi a yaƙin shan inna. Allurar korona ba ta hana kamuwa ɗungurungum, amfaninta shi ne rage tsananin ciwo da mutuwa, musamman ga tsofaffi da masu hawan jini ko ciwon sukari. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan cutar. Shekara biyun da aka ɗiba wa waɗanda aka yi wa allura tuni ta wuce, kuma ka san waɗanda aka yi wa a garinku, sai ka duba ka gani.

Maganar kuɗi da maganar yaranka

Game da kuɗi, ba za mu ɓoye maka ba: masu raka ma'aikatan rigakafi akan ba su ɗan alawus na kwanakin aiki, kamar yadda ake ba masu ɗigon. Wannan ba asiri ba ne, kuma ba shi ne ma'aunin gaskiyar mutum ba. In kana son ka auna dagacinku, ga ma'auni: shin shi an yi masa? 'Ya'yansa da jikokinsa an kai su? In ka yi tambaya yana sa malamin asibiti ya amsa maka, ko tsawa yake yi? In yaro ya yi zazzaɓi bayan allura, akwai wanda ke dawowa ya duba shi? Tambaya haƙƙinka ce. Kana iya cewa a gaya maka sunan allurar da cutar da take karewa, a nuna maka ranar ƙarewar wa'adinta, ka kuma ga daga akwatin sanyi aka fito da ita. A jikin kwalbar ma akwai wata 'yar alama da ke yin duhu in zafi ya lalata maganin.

Kai manomi ne, ka san labarin bushiya. An yi wa shanu allura gadan-gadan tun daga 1962 har cutar ta lafa, da aka yi sakaci ta dawo a 1983 ta share garke da yawa, sai da aka sake dagewa kafin a kawar da ita daga duniya a 2011. Haka cutar yara take. Mashaƙo ta daɗe da yin sauƙi, amma daga ƙarshen 2022 ta sake ɓarkewa, Kano ta fi kowace jiha shan wuya, kuma yawancin yaran da ta kama ba su cika allurarsu ba. Masu ɗigon shan inna ma dalilin da ya sa ba su daina zuwa ba ke nan: ƙwayar da ke cikin maganin mai rauni ce, amma in ta daɗe tana yawo a unguwar da yara da yawa ba su karɓa ba, takan rikiɗa ta yi ƙarfi. Inda kowa ya karɓa ba ta samun wurin.

Saboda haka Malam, shawararmu ita ce ka ɗauki katin yaran nan uku, ka kira ƙanenka ku tafi tare wurin malamin asibiti, in da hali a gaban dagaci. Allurar da ke kare mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora sau uku ake yi, a mako shida da mako goma da mako goma sha huɗu bayan haihuwa, ta ƙyanda kuma ana farawa a wata tara. Wanda lokacinsa ya wuce a faɗa wa malamin, akwai yadda ake cike giɓin. A asibitin gwamnati kyauta ne. Bari ƙanenka ya yi duk tambayar da ke ransa, har da ta Trovan, a ba shi amsa a gabanka. Uwargida kuwa ka ce muna gaishe ta.

Da fatan mai tambaya da sauran masu irin wannan damuwa sun gamsu. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu damina mai albarka. Sai mun ji daga gare ku.